Farar Riga da Na'i Daneeji: Zancen Sifa a Bakin Mazauna Jimeta

 

Zancena na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne da ke maƙale a ƙarshen kalma, wanda sau da yawa bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san ƙorafin da dattawanmu ke yi in an zauna hira bayan la'asar, wai yaran yanzu sun ɓata Hausa. Za ka ji yaro, uwa Bakanuwa uba Bakatsine, an haife shi a Luggere ko Nassarawo ko Jambutu, yana cewa "farin mota", "sabon riga", "mamana ya ce in zo". In ya je hutu gida, 'yan uwansa su tasa shi gaba da dariya suna kiransa ɗan Yola, har yaro ya koma yana jin nauyin buɗe baki a gidan kakarsa. Ni kam na daɗe ina ganin akwai bayani a bayan wannan al'amari, kuma bayanin ya fi shafar mu iyaye a kan yaran. Sai dai hanyar da zan bi in kai ku ga bayanin tana da ɗan zagaye, domin sai mun leƙa ƙasar Jamus tukuna. A yi mini haƙuri.

Masu ƙera harshe

Wani ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a nan Yola yana cikin irin samarin nan masu ƙirƙirar harshe don nishaɗi. Ƙwarai kuwa, akwai su. Mutum ya zauna ya tsara kalmomi da nahawun harshen da babu wata al'umma da ke magana da shi, kamar yadda muke ƙera motar kara muna yara. Shi nasa ya gina shi ne a kan tsarin dangin Jamusanci, wato zuriyar da ta haɗa Jamusanci da Ingilishi da harshen Holan da na Suwidin da sauransu. Ya nuna mini wani jadawali cike da akwatuna, duk a kan sifa kawai, wato kalmomin bayyana kamanni irin su fari da dogo da sabo. Ya kasa sifofinsa gida uku, kowane gida da irin ɗafa-ƙeyar da yake ɗauka, kuma abin da ya dame shi shi ne: ya bar gidajen nan uku, ko ya rushe su ya huta?

Wannan tambaya ta girme shi nesa ba kusa ba. A tsakanin 1879 da 1880 wani limamin Katolika Bajamushe mai suna Johann Martin Schleyer ya ƙera Volapük, ya kwaso yawancin kalmominsa daga Ingilishi da Jamusanci, ya kuma sa kowace sifa ta ƙare da "-ik", kamar "gudik", wato mai kyau. A 1887 likitan ido L. L. Zamenhof ya fitar da Esperanto a birnin Waso na ƙasar Folan. Shi ya cire jinsi daga sifa, amma ya bar ta tana bin suna a jam'i da kuma matsayi cikin jimla: "bona domo" gida mai kyau, "bonaj domoj" gidaje masu kyau. Wannan ɗan saura da ya bari yana cikin abubuwan da suka jawo rabuwar kai, har a 1907 wasu suka ɓalle suka kafa Ido, inda sifa ba ta damu da jam'in sunan da take tare da shi ba. Elias Molee, Ba'amurke ɗan asalin Norwe, ya buga nasa mai suna Tutonish a 1902 don haɗa kan masu harsunan dangin Jamusanci, sannan daga 1995 wasu suka taru ta intanet a kan Folkspraak da irin wannan niyya, suka ƙare da salo iri-iri maimakon guda ɗaya. Mu ma a Nijeriya muna da namu, Guosa, wanda Alex Igbineweka ya fara haɗawa a 1965 daga Hausa da Yarabanci da Ibo da wasu harsunan ƙasar.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin masu ƙera harshe domin baƙi su fahimci juna, wuƙarsu a kan wutsiyar sifa take sauka. A ganinsu kaya ne mai nauyi da ba ya ƙara wa ma'ana komai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda abin yake a Jamusanci

Wanda ya yi karatun Ajurumiyya a zaure ba zai sha wahalar gane tsarin Jamusawa ba. Malam ya koya mana cewa na'ati yana bin man'utinsa a rufu'a da nasaba da jarra, da kuma ma'arifa da nakira. To haka sifar Jamusanci take, sai dai ta ƙara da wani abu. Suna da jinsi uku, namiji da mace da na uku wanda ba namiji ba mace, ga kuma jam'i. Suna da matsayi huɗu da suna kan tsaya a cikin jimla: mai aikatawa, wanda aiki ya faɗa wa, wanda aka yi wa ko aka ba, da kuma mai mallaka. Huɗu sau huɗu, akwati 16 ke nan. Sannan kowace sifa tana da hanya uku ta cike akwatunan nan, gwargwadon kalmar da ta gabace ta. Masana suna kiran hanyoyin mai ƙarfi, mai rauni, da gauraye, kuma laƙabin ƙarfi da rauni a nahawunsu ya samo asali ne daga Jacob Grimm, wanda ya fara fitar da littafinsa na nahawun Jamusanci a 1819. In ka tara, akwati 48 ɗalibi zai haddace, alhali ɗafa-ƙeyar duka guda biyar ce kawai ke yawo a cikinsu: -e, -en, -er, -es, -em.

Ga misali da ruwan sanyi. In babu komai a gaban sifa, sai a ce "kaltes Wasser". In an sa kalmar ma'arifa, wato kwatankwacin alif da lam na Larabci, sai ya koma "das kalte Wasser". In za ka ce da ruwan sanyi, "mit kaltem Wasser", in kuma sanannen ruwa ne, "mit dem kalten Wasser". Hikimar a fili take in aka duba da kyau. Dole a sami kalma ɗaya da za ta ɗauki alamar jinsi da matsayi. In kalmar ma'arifa ta ɗauka, sai sifa ta sauke kayan ta huta, shi ne mai rauni. In babu mai ɗauka, sai sifa ta aza a kanta, shi ne mai ƙarfi. Gauraye kuwa yana zuwa ne bayan kalmar nakira irin "ein", wadda wani wuri takan ɗauki alamar wani wuri ta gaza, sai sifa ta cike gurbin: "ein guter Mann", amma "einem guten Mann".

Ingilishi ma da can haka yake. Shekara dubu da suka wuce mutumin Ingila yana bambanta "god mann" da "se goda mann", mai ƙarfi da mai rauni. Yau kalma ɗaya tak ta rage, ko namiji ko mace, ko ɗaya ko dubu. Masana suna danganta wannan zaizaya da raunin furta ƙarshen kalma, da kuma cuɗanya da baƙi: mutanen arewacin Turai da suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun ƙarni na 9, sannan Normawa masu Faransanci da suka ci ƙasar a 1066. Mutane masu harshe daban-daban suka haɗu a kasuwa da gona da aure, kowa ya kama gangar jikin kalma ya saki wutsiyarta.

Namu gidajen

Kafin mu ce Jamusawa sun cika wahalar da kai, mu dubi abin da ke bakinmu, wanda muke yi ba tare da tunani ba. Sifar Hausa tana da fuska uku, namiji da mace da jam'i, kuma ba hanya ɗaya duk sifofi ke bi ba. Akwai gidan fari, fara, farare, da baƙi, baƙa, baƙaƙe. Akwai gidan dogo, doguwa, dogaye, da sabo, sabuwa, sababbi, da tsoho, tsohuwa, tsofaffi. Akwai gidan dafaffe, dafaffiya, dafaffu, wanda duk sifar da aka ciro daga aikatau ta wannan hanya take bi: wankakke, wankakkiya, wankakku. Akwai waɗanda ba su raba namiji da mace, kamar babba da ja, sai a jam'i su zama manya da jajaye. Ga ƙarami, ƙarama, ƙanana. Ga kuma irin su shirgege, shirgegiya, shirga-shirga, waɗanda ko a littafi ka gan su sai ka ji nauyinsu.

Bayan wannan kuma sifarmu tana sauya kama gwargwadon wurin da ta tsaya. In ta zo bayan suna, sai ta tsaya haka nan: doki fari, riga fara, kaya farare. In ta zo gabansa sai ta ɗauki mahaɗi, shi ma mai jinsi: farin doki, farar riga, fararen kaya. Wanda ke son ganin abin a tsare sai ya nemi littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, ko babban kundin Paul Newman na shekarar 2000. In ɗan Jamus ya zo koyon Hausa, shi ma sai ya zana akwatuna ya yi ta hadda, yana mamakin dalilin da ya sa mota mace ce amma jirgi namiji, wuta mace amma ruwa namiji.

Gidajen maƙwabtanmu

To amma duk wannan wasan yara ne in aka zo ga harshen mutanen da muke zaune a ƙasarsu. Fulatanci ba ya raba duniya gida biyu kamar Hausa, ko gida uku kamar Jamusanci. Gidajensa sun haura 20. D. W. Arnott, a littafinsa na 1970 a kan Fulatancin Gombe, ya ƙirga 25. Mutum yana gidan "o", mutane suna gidan "ɓe". Abubuwa masu gudana irin ruwa da nono da mai da jini suna gidan "ɗam": ndiyam, kosam, nebbam, ƴiiƴam. Itatuwa da yawa suna gidan "ki": lekki itace, ɓokki kuka, jaɓɓi tsamiya. Dogayen abubuwa irin hanya da igiya suna gidan "ngol": laawol, ɓoggol. Saniya, nagge, tana gidan "nge" tare da rana, naange. Ƙananan abubuwa suna da nasu gidan, "ngel", shi ya sa ƙaramin yaro yake "ɓinngel pamarel".

Kowace sifa dole ta sa rigar gidan sunan da take bi. Babban mutum gorko mawɗo, manyan mutane worɓe mawɓe, babban ɗaki suudu mawndu, babban gari wuro manngo, babbar hanya laawol manngol. Kuma abin bai tsaya a ƙarshen kalma ba, har farkonta yana juyawa. Mu ɗauki fari. Farin mutum daneejo, fararen mutane raneeɓe, farin doki puccu ndaneewu, farar saniya nagge raneeye, farin sa ngaari ndaneeri, farin ɗaki suudu raneeru, fararen shanu na'i daneeji. Kalma ɗaya ce, amma goshinta yana yawo tsakanin r da d da nd, ƙeyarta kuma tana bin gida. Ja ma haka: boɗeejo, woɗeeɓe, puccu mboɗeewu, nagge woɗeeye, na'i boɗeeji. Irin wannan juyin ne ya sa Pullo ɗaya ne amma Fulɓe da yawa, gorko ya zama worɓe, debbo ta zama rewɓe.

Da yawa daga cikinmu muna furta waɗannan sifofi kullum ba mu san su ba ne. Dillalin shanu a kasuwar Ngurore ya san Daneeji su ne fararen shanun da muke kira Bunaji, Boɗeeji kuma jajayen da muke kira Rahaji. Direban da ke bin hanyar Taraba ya san garin Mayo Ranewo, wato farin kogi, kuma "raneewo" ta ƙare da haka ne domin maayo yana gida ɗaya da wuro. Sunan Yola kansa daga yoolde ne, tudu. Nassarawo kuwa, a kunnena, Nasarawarmu ce aka sa wa hular gidan wuro don ta zauna daidai a bakin masu gari. Matanmu da ke sayen nono a ƙofar gida suna jin kosam ɓiraaɗam, sabon tatsa, da kosam lammuɗam, mai tsami, kuma "ɗam" ɗin nan da ke ƙarshe ita ce shaidar cewa zancen abu mai gudana ake yi. Shawarar da na ba ɗan yayana ke nan: ya ɗauki jadawalinsa ya je ya zauna da kakar wani abokinsa a cikin Yola, zai ga abin da ya fi akwatunan Jamus yawa a bakin tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Grimm ba.

Jamusawa su kansu sun daɗe da gane haka. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso Yola a watan Yuni na 1851, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa garin a 1841. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba, kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi, amma daga baya ya buga tarin kalmomin harsunan da ya tattara, har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta raba ƙasar Adamawa, Yola ta faɗa ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar Lamiɗo kuma ta faɗa Kamarun Jamus, har Ingilishi suka ci Yola da yaƙi a 1901 zamanin Lamiɗo Zubairu. Diedrich Westermann ya fitar da littafin Fulatanci a 1909, August Klingenheben ya fitar da nasa babba a 1963. Daga ɓangaren Ingila kuma F. W. Taylor ya rubuta nahawun Fulatancin Adamawa a 1921 da ƙamus a 1932. Mutane sun tsallako teku sun ba wannan harshe shekarun rayuwarsu. Mu da katanga ɗaya ta raba mu da masu shi, a cikinmu akwai wanda ya shekara 30 a nan bai wuce "jam" da "useko" ba.

Me ya faru a Jimeta?

Yanzu mu dawo kan "mamana ya ce". Fulatanci ba ya bambanta namiji da mace a nahawu. "O wari" na nufin ya zo, kuma na nufin ta zo. Gorko daneejo, debbo daneejo, sifa ɗaya. Saboda haka in Bafulatani ya ce "matata ya tafi kasuwa", tsarin harshensa ne ya biyo shi cikin namu, kamar yadda namu ke bin mu cikin nasa. Kuma ba Fulani kaɗai ba ne a garin nan. Jimeta mahaɗa ce: Bachama, Bata, Vere, Chamba, Kilba, Margi, Higi, Mumuye, Barebari, Ibo, Yarabawa, kowa da harshensa na gida, kuma Hausa ce igiyar da ta ɗaure mu a kasuwa da tasha da Keke Napep da filin ƙwallo. Harshen da ya zama na kowa da kowa kuwa sai ya biya kuɗin shiga, kuma abin da yake fara biya da shi shi ne jinsi da wutsiyar sifa. Abin da Schleyer da mutanen Ido suka zauna suka yi da alƙalami, kasuwar Jimeta tana yin sa da kanta ba tare da taro ba.

Ba a kanmu aka fara ba. Hausar zangunan Gana ta daɗe da sakin bambancin ya da ta. Ko a Zazzau da Bauci za ka ji "rigan" a inda Bakano zai ce "rigar". In ka tsallaka iyaka zuwa Garwa da Ngaundare da Marwa, sai labari ya juye, domin can Fulatanci ne harshen kasuwa, kuma shi ne gidajensa ke rushewa a bakin waɗanda ba a haife su da shi ba, har akwai sunan da ake kiran irin wannan sassauƙan Fulatanci, Bilkiire. A can dattawan Fulɓe ne ke irin ƙorafin da namu ke yi a nan. A nan Yola ma na sha jin iyaye Fulani suna kukan cewa 'ya'yansu sun koma Hausa, in sun yi Fulatancin ma sai su kama gida ɗaya su cusa komai a ciki. Ke nan mu da su ciwo ɗaya ke damunmu. Masu iya magana suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna dariyar maƙwabci don ya ɓata mana gida biyu, alhali shi yana da fiye da 20, kuma in muka gwada nasa ko ƙofar gida ɗaya ba ma kaiwa.

Shin asara ce?

Wani zai ce to mene ne? Ingilishi ya zubar da nasa, ga shi ya mamaye duniya. Gaskiya ne, kuma Hausar Jimeta tana biyan buƙatar da aka yi ta dominta. Da ita ake ciniki, da ita ake sulhu, da ita Bachame da Babarbare ke gaisawa. Ban ga dalilin raina ta ba.

Amma a duba aikin da wutsiyar nan ke yi. Ka shiga shagon tela, riga da wando suna rataye, ka ce "ba ni farar". Ya san riga kake nufi. Ka ce "ba ni farin", ya miƙo wando. Ka ce "tsohuwa ta iso", "baƙo ya kwana", "ƙananan sun ci abinci", babu suna ko ɗaya a ciki amma kowa ya gane. Makiyayi in ya ce "raneeye", ɗan uwansa ya san saniya ce, in ya ce "ndaneewu" ya san doki ne. Bajamushe ma yana bambanta "der Alte" tsoho da "die Alte" tsohuwa. Wato alamar nan ita ke ba sifa damar tsayawa ita kaɗai ta wakilci sunan da ba a ambata ba. Irin wannan gajerar magana kuwa tsakanin mutanen da suka san juna take gudana, a cikin gida, a ruga, a zaure, inda rabin zance ya isa. A kasuwa, tsakanin baƙi, ana ambaton komai da sunansa, ana nuni da yatsa, don haka ba a buƙatarta sai ta faɗi.

A nan ne nake ganin abin ya shafe mu. In ɗan Bahaushe ya tashi yana cewa "farin mota", abin da yake gaya mana shi ne a titi ya koyi Hausa, ba a ɗakin uwarsa ba. Uba ya fita kasuwa tun asuba sai dare. A makaranta Turanci. A gida talabijin da waya. Kaka tana Katsina ko Haɗejiya ko Maraɗi, sai shekara-shekara. To wa zai gaya masa cewa tukunya mace ce? Babu dokar da ke bayyana wannan duka, ji ake yi har kunne ya saba, kamar yadda ɗan Fulani ke sanin gidan kowace kalma tun kafin ya san akwai wani abu wai shi nahawu. Yaron da ya rasa wannan zai ɗauki Magana Jari Ce ya ji kamar da wani baƙon harshe aka rubuta ta, zai zauna jarrabawar Hausa ya faɗi a abin da ya kamata ya zama nasa kyauta, zai kai saƙo ya rikita wa ya ce da wa ta ce. Mafi ciwo, zai je garin ubansa a ɗauke shi baƙo, alhali a nan ma in zancen takardar shaidar asali ya taso baƙo ake kiransa. Yaro ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Abin da nake ganin za mu iya

Na farko, mu daina yi wa yara dariya ko tsawa a kan wannan. Dariya ba ta gyara harshe, sai dai ta rufe baki. In yaro ya ce "sabon riga", uwa ta amsa masa da "to, sabuwar rigar taka tana ina?" ta wuce. Kunne zai ɗauka. A dawo da tatsuniya da daddare, domin Gizo da Ƙoƙi kaɗai sun isa su koya wa yaro ya da ta. A sa yara karanta littafin Hausa da babbar murya, ko shafi ɗaya ne a rana. Wanda Allah Ya hore wa, ya riƙa kai su gida hutu su daɗe, ko ya ɗauko tsohuwa ta zo ta yi watanni. Yaro yana iya riƙe Hausa biyu, ta titi da ta gida, ya san inda zai sa kowace, kamar yadda yake da kayan wasa da kayan Juma'a.

Na biyu, mu manya mu koyi harshen masu gari, mu kuma koye shi da gidajensa. Ba sai an haddace 25 a rana ɗaya ba. Ka ɗauki kalma goma da kake buƙata a sana'arka, ka tambayi maƙwabcinka yadda ake cewa babba da ƙarami da fari da sabo a kan kowace. Uwargida ta tambayi mai kawo mata nono. Na ga yadda fuskar dattijo ke sauyawa in Bahaushe ya ce "wuro manngo" daidai, domin ya san wannan ba a tsintarsa a tasha, sai an zauna da mutane an saurare su. Unguwar Wuro Hausa da ke cikin Yola shaida ce cewa kakanninmu sun daɗe a nan, sun yi ciniki, sun yi auratayya, kuma da harshen masu gari aka raɗa wa unguwar tasu suna. Abin da ya shafi Fulatanci ya shafi Bachama da Vere da duk harshen unguwar da mutum yake zaune. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Na uku, malaman Hausa da na Islamiyya da ke cikinmu su yi amfani da abin da ke gabansu. Ajin da ke da ɗan Hausa da ɗan Fulani a benci ɗaya, ga kuma na'ati da man'uti a allo, ya fi kowane wuri sauƙin bayyana wannan darasi. A rubuta farin doki, farar saniya, fararen shanu a gefe ɗaya, a rubuta puccu ndaneewu, nagge raneeye, na'i daneeji a ɗaya gefen, kowane yaro ya koya wa ɗan uwansa nasa. Daga ranar babu wanda zai sake ganin kuskuren ɗan uwansa a matsayin wauta.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu dace. Sai wani jiƙon, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.